Yara biyu a bayan mota: wa za a sa a tsakiya, wa za a sa a gefe?

Satin da ya wuce ƙanwata ta kira ni, ta gama wankan jego zata koma ɗakinta, ga jaririya ga yayanta ɗan shekara biyu da wata bakwai, maigidan ya siyo kujerar mota ta biyu sun tsaya a bakin Corolla ɗinsu sun rasa yadda zasu jera su. Tambayarta ɗaya ce, "Yaya wa zan sa a tsakiya, tunda ance tsakiyar ta fi tsaro?" Na amsa mata a waya amma amsar taƙi gajarta, shi yasa nace bari in zauna in warware maganar dalla-dalla, don nasan ba ita kaɗai bace mai wannan tambayar.

Kafin mu je ga tsakiya ko gefe, bari in fara da abin da muka fi sabawa da shi, wato cinya. Mu dai a wajenmu uwa ta shiga gaba ta rungume jariri, babban kuma yana tsaye a baya ya leƙo kai ta tsakanin kujeru yana yiwa babansa surutu, kuma kowa gani yake ba komai tunda cikin gari ne ba gudu ake ba. Toh ku duba lissafin nan. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, gudun cikin gari kenan, in ta daki wani abu ta tsaya cak, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene hawa uku. A wannan daƙiƙar yaro mai kilo 10 zai fizge daga hannunki da ƙarfin da ya kai wajen kilo 300, buhun shinkafa shida kenan a lokaci guda. Babu uwar da zata iya riƙe wannan duk son da take wa ɗanta, ba maganar sakaci bace, hannun ɗan adam ne bai kai ba. In kuma kika ja bel ɗaya kika haɗa ke da shi, nauyin jikinki ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Hukumar kula da tsaron hanyoyi ta Amurka ta daɗe da fitar da alƙalumanta, kujerar yara in an ɗaura ta daidai tana rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari, ta 'yan shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54. Allah ne mai tsarewa, babu ja, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Kujerar gaba kuwa ku cire ta a lissafi gaba ɗaya. Jakar iskar nan da ke cikin dashbod in ta fashe tana fitowa ne da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, don babban mutum aka yi ta, in ta sami kujerar jariri mai kallon baya ta bayanta zata doka, daidai inda kansa yake. 'Yan Rod Sefti kullum suna nanata kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya zauna a gaba, likitocin yara na Amurka ma sun ce sai 13. Kenan gurbi uku ne damu a baya, yara biyu.

Maganar cewa tsakiya ta fi tsaro ba ƙarya bace. Akwai binciken da masu bincike daga asibitin yara na Filadelfiya suka buga a 2008, sun duba haɗurran da suka rutsa da yara daga haihuwa zuwa shekara 3, suka tarar wanda ke tsakiya haɗarin jin rauninsa ya gaza na wanda ke gefe da kashi 43 cikin ɗari. Dalilin a fili yake, in wata mota ta shigo ta gefe kamar yadda ake yi a shataletale ko mahaɗar hanya, na tsakiya ya fi nisa da ƙofar da zata lotsa. Amma akwai sharaɗin da mutane ke tsallakewa, sai in kujerar ta kamu gam a wurin. Kuma a yawancin motocinmu tsakiyar nan ita ce mafi wuyar sha'ani, siririya ce, ga tudu, a tsofaffin motoci bel ɗin ƙugu ne kawai babu na kafaɗa, sannan galibi babu ƙarafan maƙala kujera a wurin. Kujerar da ke rawa a tsakiya wallahi gara wadda ta zauna daram a bakin ƙofa. Wannan shine abin da nake so kowa ya riƙe, ƙarfin ɗaurin ya fi muhimmanci a kan gurbin.

Toh ace motarku mai faɗi ce, tsakiyar ta karɓi kujera lafiya lau, wa za a sa? Kowace uwa zuciyarta zata ce jaririn mana, shine ƙarami. Masu koyar da ɗaura kujerun nan da yawa akasin haka suke cewa, kuma ni hujjarsu ta gamsar dani. Jaririn da ke kallon baya ya riga ya sami kariya mafi kyau, kujerar ta rungume kansa da wuyansa da gadon bayansa kamar ƙwarya. Babban da aka juya yana kallon gaba shine kariyarsa ta ragu, toh shi ya fi buƙatar gurbin da ya fi tsaro. Ga kuma cewa kujerar jariri kullum cikin ciro ta da mayar da ita ake, a gefe ta fi sauƙin kai hannu, mai jego bata buƙatar tana miƙewa har tsakiyar mota da nauyi a hannu.

Sai dai in kun jera su kafaɗa da kafaɗa akwai tarko guda biyu. Na farko, kujerun kan tokare juna sai ka girgiza kaji kamar sun kamu, alhali ɗaya ce ta danne ɗaya. Gwajin shine ku cire guda, ku girgiza wadda ta rage ita kaɗai, sannan ku yi wa ɗayar haka. Na biyu kuma duk mai 'ya'ya ya san shi, ɗan shekara biyu yana ƙaunar ƙanwarsa ƙauna mai haɗari. Zai tura mata gyaɗa ko alawa a baki, zai rufa mata mayafi a fuska wai tana jin sanyi, zai danna jan maɓallin nan ya kwance ta, ke kuma kina gaba idonki na kan titi. Don haka ni a ganina, ga mota irin Corolla ko Civic ko Golf, a raba su kawai, ɗaya dama ɗaya hagu, tsakiya a barta fili. Ba wata asara kuka yi ba in dai kowacce ta kamu sosai.

Dama ko hagu kuma ba wani bambancin tsaro mai yawa a tsakaninsu in ana maganar karo, bambancin yana wajen shiga da fita. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, Nijar dama can haka take, Ghana ta biyo a 1974, kenan in kin faka a bakin titi ƙofar dama ce ke buɗewa wajen da ba motoci, ta hagu kuwa cikin 'yan adaidaita da masu babur take buɗewa. Na cewa ƙanwata ta sa jaririyar a dama, bayan kujerar mai zaman banza. Dalili biyu, ita ce ke ɗaukar lokaci wajen sakawa, kuma kujera mai kallon baya tana cin wuri sosai sai an tura ta gaba, toh gara a takura fasinja da a takura direba gwiwarsa na dukan sitiyari. Wajen shiga babban ne zai fara, ta ƙofar dama, ya rarrafa ya haye kujerarsa, saboda shine mai ƙafar gudu, ita jaririya inda kika ajiye ta nan zaki same ta. Wajen fita ki juya tsarin, ki fara ciro ta ki goya ta, hannunki biyu sun zama fili sannan ki kwance shi ki riƙe hannunsa. Ku kuma duba gefen ƙofofin baya akwai wani ɗan maɓalli da in an tura shi ƙofar bata buɗuwa ta ciki, ku tura na duka biyun.

Akwai wani abin da ya ba ƙanwata mamaki, da nace mata shima babban bai kamata a juya shi gaba ba tukuna. Tace Yaya ƙafarsa fa a lanƙwashe take. Nace ki bar ƙafa, yaro ko a tabarma a lanƙwashe yake zama, wuya muke karewa. Kan jariri kusan kwata ne na nauyin jikinsa gaba ɗaya, na babba kuwa kamar kashi 6 cikin ɗari ne, ga ƙashin wuyan bai gama ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, jikinsa a ɗaure yake amma kan nan mai nauyi zai tafi gaba ya ja wuyan. In yana kallon baya kuwa duk jikin ne zai nutse cikin kujerar tare. Wani likita ɗan Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fara kawo dabarar a shekarun 1960 bayan ya ga yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwanciya da baya don jure ƙarfin tashin kumbo, kamfanin Volvo ya gwada samfurin farko a 1964, kuma har yau a Suwidin yara kan kai wajen shekara 4 suna kallon baya. Ƙa'idar Turai ta R129 da ta fara aiki a 2013 ta wajabta kallon baya har wata 15 aƙalla, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma a 2018 ta cire maganar shekaru tace a bar yaro a haka har sai ya cika nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikin kujerar. Wato lambar da ke jikin kujera ce alƙali ba ranar haihuwa ba. Masu tagwaye ko waɗanda tazararsu ba yawa, duka biyun baya zasu kalla, ɗaya a kowane gefe, a fara auna bayan direba da wadda ta fi gajarta.

Yanzu ɗaurin kansa, nan ne ake yawan faɗuwa. Hanya biyu ce, ko da bel ɗin mota ko da ƙarafan da aka gina cikin kujerar baya. Ku cusa hannu a lungun da mazauni ya haɗu da majingina, in kun ji wasu ƙarafa biyu masu kama da hannun jaka, tazararsu santimita 28, toh sune. Turawan Turai na kiransu ISOFIX, a Golf 4 aka fara sa su a 1997, a Amurka kuma LATCH ake ce musu kuma tun watan Satumba na 2002 aka wajabta su, don haka duk Camry da Accord da Sienna ɗin da suka shigo mana daga can bayan wannan shekarar suna da su, masu motar ne kawai basu taɓa laluba ba. Galibi gefe biyu ne ke da su. Kada ku ari na ciki-ciki daga dama da hagu ku ɗaura ta tsakiya sai in littafin motar da na kujerar duka sun yarda, tazarar ba ɗaya bace, kuma kada kujeru biyu su haɗu a ƙarfe ɗaya. Kada kuma a haɗa bel da ƙarafan lokaci guda wai don ƙarin ƙarfi sai in mai kujerar ya rubuta haka. A kujerun Amurka in nauyin yaro da na kujerar sun haɗu sun haura kilo 29 da rabi, ana barin ƙarafan a koma bel.

In da bel zaku ɗaura, dole ya kulle. A yawancin motocin Amurka daga 1996 zuwa sama, in ka ja bel ɗin a hankali har ƙarshensa ka sake shi zaka ji yana komawa da ƙara ƙas-ƙas-ƙas, toh ya kulle kenan ba zai ƙara fitowa ba. Motocin Turai da yawa basu da wannan, kujerun yaran ne ke zuwa da matsi a jiki da ke kama bel ɗin. Ka danna kujerar da nauyinka, ka ja bel har sai ya ƙi, sannan ka kama ta daidai inda bel ya ratsa ka girgiza gefe da gefe, gaba da baya. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, faɗin yatsu biyu ma bai cika ba, a kwance a sake. Kujera mai kallon gaba kuma tana da wata igiya ta sama mai ƙugiya da kusan kowa ke barinta tana reto, alhali tana rage tafiyar kan yaro gaba da santimita 10 zuwa 15, wanda shine bambanci tsakanin kansa ya daki bayan kujerar gaba ko ya tsira. A ƙananan motoci irin Corolla maƙalinta na kan dakalin nan da ke ƙarƙashin gilashin baya, a manya kuma a bayan majingina, da hoton anga irin ta jirgin ruwa a kai, kar a rikita shi da ƙugiyar ɗaure kaya.

Shi yaron a cikin kujerar, igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan in yana kallon baya, daidai ko sama kaɗan in yana kallon gaba. Bayan kin ja, ki gwada mintsinin igiyar a kan kafaɗarsa, in yatsunki sun kamo ninki toh da saura. In kujerar mai maɓallin ƙirji ce ya tsaya saitin hammata ba kan tumbi ba. Sannan al'adarmu ta naɗe jariri, riga kan riga ga shawul ga tawul, musamman da hunturu, duk wannan tulin in aka yi karo matsewa zai yi igiyar ta zama sako-sako yaro ya zame. Ki ɗaure shi da kaya marasa kauri, sannan ki lulluɓa shawul ɗin a sama. Sabon haihuwa kuma kujerarsa ta kishingiɗa kamar digiri 45, akwai layi ko ɗan ma'auni a gefenta, in ta miƙe da yawa haɓarsa zata faɗo kan ƙirji ta toshe masa numfashi.

Zafinmu ma sai an yi maganarsa. A watan Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ƙarfen maɓallin kujerar da ta sha rana yana iya ƙona cinyar yaro, ki riƙa rufa mata farin zani in kin faka, ki taɓa da bayan hannu kafin ki zaunar da shi. Mota a rufe kuma cikin minti 10 zafinta kan ƙaru da kusan digiri 11, jikin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. Mai yara biyu ta fi shiga wannan haɗarin, babban na kuka yana jan hankalinki, ƙaramar tayi barci shiru tana kallon baya ba kya ko ganin fuskarta. Ki saba ajiye jakarki da wayarki a ƙasan kujerarta, ba yadda za a yi ki sauka baki buɗe ƙofar ba. "Bari in shiga in fito yanzu" ma babu shi, ko kati zaki siya ki fito da su.

Tsakiyar da muka bari fili, nasan ba zata daɗe a fili ba, ko kaka ko ƙanwar miji ko yarinyar da ke taya raino. Ba laifi in zata iya zama bayanta ya jingina ta kuma ɗaura bel, amma babban da bai ɗaura ba in aka yi karo shi kansa makami ne a kan yaran da ke gefensa. In wurin ya matse ta dawo gaba. Haka kular abinci da filas ɗin ruwan zafi da tukunyar gas, duk a but.

Sai batun kuɗi, don kujera biyu ba wasa bace a wannan zamanin, kuma da yawanmu gwanjo zamu nufa. In zaki siya ki juya ta ki nemi takardar da aka manna, ta Turai ruwan lemo ce da harafin E cikin da'ira da R44/04 ko R129, ta Amurka zaki ga FMVSS 213. Ki nemi ranar da aka ƙera ta, yawancinsu shekara 6 zuwa 10 ne wa'adinsu saboda roba na gajiya, balle a ranarmu. Ki ɗaga rigar ki duba tsagewa, ki duba igiya ko ta zare, ki danna maɓalli kiji ƙarar kamawarsa. Matsalar gwanjo ita ce baki san ko daga motar da tayi haɗari aka ciro ta ba, shi yasa na fi son wadda aka gada daga 'yar'uwar da aka san tarihinta. Kuma don Allah kada a kori babban daga kujerarsa da wuri don ƙanwa ta samu. Kujerar ƙarin tsayi, wadda yaro ke hawa ya ɗaura bel ɗin manya, bata dace da wanda bai kai shekara 4 ba, ni ma na fi son 5, sai wanda zai iya zama a nutse, kuma bata aiki da bel ɗin ƙugu kaɗai, dole da na kafaɗa. Zai ci gaba da hawanta har tsayinsa ya kai santimita 135 a dokar Ingila, a Jamus ma 150.

Ƙanwata dai da yamma ta sake kirana. Sun sa jaririyar a dama, yaron a hagu, sun duba jikin kujerarsa ta yarda da kallon baya har kilo 18 shi kuma 13 yake, sai suka juya shi, abin ma ya masa daɗi don yanzu yana hango fuskar ƙanwarsa. Maigidan ya girgiza tasa ta motsa kusan taƙi guda, ashe bel ɗin bai kulle ba, sai da ya ja shi har ƙarshe ya ɗora gwiwa ya danne sannan ta tsaya. Kaduna zasu tafi daga Kano, nace mata jaririya kada ta wuce awa biyu a kujera ba a ciro ta ba, su tsaya a Zariya ta sha nono ta miƙe jiki, in kuma tayi kuka a hanya a samu wuri a faka tukuna kafin a kwance ta.